Baba na son jami'a mai suna, ni kuma bashin nake tsoro

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar shekara 18 ce, a Bronx ta birnin New York aka haife ni, iyayena kuwa daga Kano suka zo. Bana nake gama sakandare, kuma tun ina ƙarama burina in zama likita. Yanzu ina tsakanin jami'o'i biyu. Ɗaya babbar jami'a ce mai zaman kanta a wata jiha, wadda in aka ambaci sunanta sai kowa ya jinjina. Kuɗin karatu da na kwana da abinci ya kusa dala 90,000 a shekara. Sun ba ni tallafi, amma akwai sauran dala 31,000 a kanmu kowace shekara. Ɗayar kuma Hunter College ce ta nan cikin gari, inda tallafin gwamnati ya biya kuɗin makarantar kaf, in riƙa zuwa daga gida. Baba tasi yake ja, Mama tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ina da ƙanne huɗu. Baba ya riga ya faɗa wa abokansa a masallaci da 'yan uwa a gida cewa 'yarsa ta samu gurbin likitanci a waccan jami'ar. Ya ce zai ci bashi, wai bashi hanji ne yana cikin kowa, in na zama likita na biya cikin shekara biyu. Mama ba ta cewa komai, amma na lura ba ta barci. Ni kaina ina son wurin, na je na gani. Kuma gaskiya ina tsoron in na zauna gida, aikin gida da ƙanne ba za su bar ni in yi karatu ba. Sai dai bashin yana tsorata ni, ga kuɗin ruwa. Ranar 1 ga Mayu ake rufe karɓar amsar wanda zai riƙe gurbinsa. Anti, wacce zan ɗauka, kuma yaya zan yi da Baba?

'Yarki daga Bronx

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya sa wannan ƙoƙari ya amfane ki da iyayenki. Ba zan ja ki da nisa ba: in dai lissafin ya tsaya yadda kika kawo shi, Hunter za ki ɗauka. Akwai abu ɗaya da zai sa in sauya magana, zan zo gare shi a gaba. Amma mu fara da Babanki, domin a wurinsa ƙullin yake.

Babanki bai yi ƙarya ba da ya ce kin samu gurbin likitanci, abin da ya sani ya faɗa. A Najeriya yaro yana gama sakandare zai rubuta JAMB, in maki ya kai a ɗauke shi likitanci kai tsaye a Bayero ko Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekara shida ya fito da MBBS. A can, sunan jami'ar da ta ɗauke ka shi ne sunan da zai hau takardarka ta likita. Amurka ba haka take ba. Abin da za ki shiga a watan Agusta digirin farko ne na shekara huɗu, kamar na kowa. Abin da ake kira share fagen likitanci, wato pre-med, ba digiri ba ne, ba kuma sashe ba ne da ake ɗaukar mutum a cikinsa. Jerin kwasakwasai ne kawai: bayoloji, kemistiri, oganik kemistiri, fiziks, bayokemistiri, Turanci da ɗan lissafi, waɗanda ko mai karatun tarihi zai iya haɗawa da nasa. In kin gama su sai ki rubuta MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, ki sake neman gurbi daga tushe a makarantun likitanci. Kowace shekara mutum sama da 50,000 ke nema, kimanin 23,000 ke shiga. Wato fiye da rabin waɗanda suka kai ga nema ma ba sa samu a shekarar, balle ɗimbin da suka fara da niyya suka sauka a hanya. Ita waccan jami'ar ba ta yi miki alkawarin kujera a makarantarta ta likitanci ba, ko da tana da ita. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Yanzu maganar biya cikin shekara biyu. Kina da 18. Digirin farko zai kai ki 22, likitanci ya kai ki 26, in ba ki tsaya shekara ɗaya ko biyu a tsakani ba, alhali da yawa suna tsayawa. Daga nan sai horon ƙwarewa a asibiti, shekara uku zuwa bakwai gwargwadon fanni, a kan albashin da a yawancin wurare yake wajen dala 60,000 zuwa 80,000, wanda a New York haya ke cinye kaso mai tsoka daga cikinsa. Albashin likitan da Baba yake hange ba zai shigo hannunki ba sai kina 29 ko 30, in komai ya tafi daidai. Bashin da za a ci a bana zai yi shekara goma sha ɗaya ko fiye yana jiran wannan rana, kuma ba a zaune zai jira ba.

Ɗauko takarda mu lissafa. Dala 31,000 sau huɗu, 124,000 ke nan, in kuɗin bai hau ba, kuma kusan kowace shekara yana hawa. Ke da kanki, abin da gwamnatin tarayya za ta ranta miki yana da iyaka: 5,500 a shekarar farko, 6,500 a ta biyu, 7,500 a ta uku da ta huɗu, jimla 27,000. Sauran sai ta hannun Baba, ta bashin iyaye da ake kira Parent PLUS. A da, iyaye na iya cin wannan bashi har iya abin da makaranta ta nema. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta rufe wannan ƙofa: daga 1 ga Yulin 2026, dala 20,000 a shekara, kuma 65,000 gaba ɗaya a kan kowane ɗa. Duba abin da hakan ke nufi gare ku. Shekarar farko, bayan bashinki da na Baba, akwai 5,500 da za a fitar daga aljihu. Shekara uku Baba yana cin 20,000, ya ci 60,000. A shekara ta huɗu 5,000 kaɗai ta rage masa, ga naki 7,500, sai ramin dala 18,500 ya buɗe, a daidai shekarar da kike neman gurbin likitanci kina buƙatar kwanciyar hankali. Wannan ramin bankuna ne kaɗai za su cike shi, da nasu sharuɗɗan.

Kuɗin ruwan Parent PLUS a 'yan shekarun nan yana wajen kashi 9 cikin 100, ana kuma cire sama da kashi 4 tun kafin kuɗin ya isa makaranta. Ana iya ɗage fara biya muddin kina karatu, amma ruwan ba ya tsayawa. In ba a taɓa shi ba har ranar da za ki karɓi takardar likita, 65,000 ɗin ta haura 100,000. Sannan a doka bashin na Baba ne, ba naki ba, gwamnati ba ta mayar da shi kan sunanki ko da ke kika nema. In ciwon baya ya kwantar da shi, ko aikin tasi ya ja baya, shi za a nema. Ga ƙanne huɗu a bayanki, kowanne da ranar da zai zo da tasa takardar. Ina jin wannan lissafin ne yake hana Mamanki barci, ko da ba ta san alƙaluman ba.

Duk wannan fa ba mu taɓa babban kuɗin ba tukuna. Shekara huɗu a makarantar likitanci, in an haɗa da kwana da ci, ta haura dala 250,000 a na gwamnati, ta haura 350,000 a masu zaman kansu. Yawancin sababbin likitocin Amurka da bashi suke fita, kuma matsakaicinsa yana wajen dala 200,000. Ita dokar ta 2025 ta soke bashin Grad PLUS ga sababbin ɗalibai, wanda da shi masu karatun likitanci ke cike duk giɓin da ya rage, ta kuma ƙayyade musu dala 50,000 a shekara, 200,000 gaba ɗaya. Ke nan a zamaninku mai yiwuwa ne ƙwarai ki buƙaci bashin banki a kan na gwamnati, banki kuwa zai nemi wanda zai tsaya miki, mai tsabtataccen tarihin biyan bashi. Wa kike da shi in ba Baba ba? In an riga an ɗora masa kaya tun a digirin farko, ranar da kike buƙatarsa da gaske ba zai iya tsaya miki ba. Wannan shi ne dalilina mafi ƙarfi, ki riƙe shi in za ki yi masa magana.

Za ki ji ana cewa ai yanzu akwai makarantun likitanci na kyauta. Akwai. Makarantar likitanci ta Jami'ar New York, NYU, ta daina karɓar kuɗin karatu tun 2018. Kwalejin likitanci ta Albert Einstein, da ke nan Bronx ɗinku, ta bi sahu a 2024 bayan Ruth Gottesman, wadda ta daɗe tana koyarwa a can, ta ba ta kyautar dala biliyan ɗaya. Johns Hopkins ma a shekarar ta yafe wa ɗaliban da iyayensu ke samun ƙasa da dala 300,000. Ki nema in lokaci ya yi, Allah ya ba ki. Amma Einstein ba ta ɗaukar mutum 200 a shekara, dubbai ke nema, kuma ko an yafe kuɗin karatu akwai haya da abinci. Ba abin da za a gina lissafin gida a kansa ba ne.

To me makarantun likitanci ke dubawa? Da farko lambobi biyu: matsakaicin makinki na jami'a, wato GPA, da makin MCAT. Waɗanda ake ɗauka, matsakaicin GPA ɗinsu yana wajen 3.8 cikin 4, MCAT kuma wajen 512 a jarrabawar da ƙololuwarta 528. Alƙaluman ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, sun nuna cewa cikin masu GPA 3.8 zuwa sama da MCAT 518 zuwa sama, fiye da kashi 80 cikin 100 suna samun gurbi. MCAT ɗaya ce ga kowa, ɗan Hunter da ɗan Harvard tambayoyi iri ɗaya suke amsawa. Bayan lambobi sai a duba awannin da kika yi kusa da marasa lafiya, binciken da kika sa hannu, wasiƙun malaman da suka san ki, abin da kika rubuta game da kanki, sannan ganawa ido da ido. Ɗalibar da ta fito da 3.9 daga Hunter ta fi wadda ta fito da 3.4 daga jami'a mai suna kusa da ƙofa, kuma ɗalibar da ke aikin awa ashirin da biyar a mako don cike giɓin kuɗi da wuya ta riƙe 3.9 a ko'ina.

Ba zan ce miki suna ba ya aiki ba, don yana yi. In kika duba azuzuwan manyan makarantun likitanci za ki ga 'yan fitattun jami'o'i sun yi yawa. Wani ɓangare saboda dama can ƙwararrun ɗalibai ne suka taru a wurin, wani ɓangare kuma saboda ɗakunan bincike, da farfesoshin da wasiƙarsu ke da nauyi, da ofishin shawara da ba ya cunkushe. Akwai sanannen binciken da masana tattalin arziki Stacy Dale da Alan Krueger suka wallafa a 2002, suka sake bibiya bayan kimanin shekara goma. Sun gano cewa in aka kwatanta ɗalibai masu ƙoƙari iri ɗaya, wanda ya je fitacciyar jami'a da wanda ya je wadda ba ta kai ta ba, abin da suke samu daga baya kusan ɗaya ne. Sai dai sun ware wasu: baƙaƙen fata, 'yan asalin Latin Amurka, da waɗanda iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba. Waɗannan sun fi amfana da babbar jami'a, domin a can suke samun mutanen da gidansu ba zai iya haɗa su da su ba. Wannan ya shafe ki, shi ya sa na kawo shi. Amma a ganina ya fi aiki a inda sanayya ke buɗe ƙofa, irin su banki da manyan kamfanoni. Likitanci ƙofarsa jarrabawa ce da lasisi, kuma asibitin da zai ɗauke ki horo makarantar likitancinki zai duba, ba inda kika yi digirin farko ba. Binciken kuma bai ce a saya ko nawa ne ba.

Akwai abin da ba kya son ji: mai yiwuwa ki sauya ra'ayi. Yawancin waɗanda ke shiga jami'a da niyyar likitanci ba sa ƙarewa a can, wasu oganik kemistiri ya kayar da su, wasu kuma sun ga abin da ya fi dacewa da su. In hakan ta faru kina Hunter ba bashi, sai ki juya zuwa aikin jinya, harhaɗa magunguna, lafiyar al'umma ko wani abu dabam, hankali kwance. In ta faru da 124,000 a wuyan gidanku, za ki ci gaba da abin da ba kya so saboda kunya, ko ki bari ki rasa yadda za ki dubi Baba.

Yanzu ga tsoronki na zaman gida, wanda a wurina shi ne magana mafi gaskiya a wasiƙarki, kuma shi zai iya rusa duk shawarata in ba a magance shi ba. Kyautar Hunter ba ta da amfani in za ki fito da 3.2 saboda girki. Na san yadda babbar 'ya mace take a gidajenmu: ita ce mai ɗora tukunya in Mama tana wurin aiki, mai ɗauko yara daga makaranta da islamiyya, mai cike fom, mai raka baƙo asibiti ta yi tafinta, mai wanke-wanke in an yi suna a gidan maƙwabta. Ba mugunta ba ce, haka aka saba, kuma wanda yake gida shi ake gani. Amma ki sani duk makin da kika samu a jami'a yana bin ki. Ko kin maimaita kwas, tsarin neman gurbin likitanci yana lissafa na farko da na biyu duka. Kemistirin zangon farko da aka faɗi saboda hidimar gida zai zauna a takardarki har ranar ganawa.

Saboda haka zaɓen Hunter ya zo da yarjejeniya, a yi ta tun yanzu da bakinki yake da nauyi, ba a watan Oktoba ba. Ki gaya musu karatun nan aiki ne kamar na Baba: ki fita da safe ki hau jirgi mai lamba 6, wanda ke tsayawa a ƙofar makarantar a titi na 68, ki yi lakca, ki zauna ɗakin karatu har yamma, ki dawo kin gama. Kada ki yaudari kanki cewa za ki yi karatu a falo. A raba aikin gida tsakanin ƙannenki, har da mazan, babu abin da zai same su in sun wanke kwano. Ki ɗauki rana ɗaya a mako ta gida, ki riƙe ta da kyau don kada a ce boko ya sa kin fi ƙarfin kowa. Makon jarrabawa kuwa babu biki babu suna. Sannan 5,500 ɗin da Baba zai fitar daga aljihu a shekarar farko da kin tafi can, ki roƙe shi ya riƙa ajiye ko rabinta kowace shekara. Da ita za a sayi littattafan MCAT, a biya kuɗin neman gurbi da ke kaiwa dubban daloli, ko a kama miki ɗaki tare da wata 'yar uwa Musulma a shekara ta uku in gida ya gagara. AAMC tana da shirin rage waɗannan kuɗaɗe ga masu ƙaramin ƙarfi, ki nema kafin ki yi rajistar jarrabawar, ba bayan kin biya ba.

Na kuma ji a wasiƙarki cewa kina son ki ɗan fita ki ga duniya, ki samu ɗakinki ke kaɗai. Ba laifi ba ne, kuma ba sai kin ɓoye shi a bayan maganar karatu ba. Jami'o'i da yawa suna da shirin bincike na hutun bazara da ke biyan ɗalibi su ba shi masauki na makonni, ki nemi irinsu tun shekarar farko. Makarantar likitanci ma mai yiwuwa ta kai ki wata jiha ko kina so ko ba kya so.

Hunter kanta sai kin tashi tsaye. Azuzuwan shekarar farko manya ne, gurbin wasu kwasakwasai yana cika da wuri, masu ba da shawara kuma ɗalibai sun yi musu yawa, ba wanda zai biyo ki. Ki yi rajista da ofishin masu shirin likitanci a makon farko, ki tambayi sharuɗɗan samun wasiƙar shaida da kwamitinsu ke rubuta wa makarantun likitanci, ki riƙa zuwa ofishin malamai a lokutan da suka ware har su san sunanki. Amma dubi inda take. Tafiyar 'yan mintuna a ƙafa za ta kai ki manyan cibiyoyin likitanci da bincike: Weill Cornell, Memorial Sloan Kettering da Jami'ar Rockefeller, kuma Hunter tana da ɗakunan bincike a cikin ginin Belfer na Weill Cornell. A Bronx ga asibitocin Montefiore, Jacobi da Lincoln, inda marasa lafiya 'yan Afirka ta Yamma ke zuwa kullum. Yarinyar da ta yi shekara uku tana aikin sa kai a irin wannan wuri, tana jin Hausa, ta ga yadda tsohuwa ke kasa faɗa wa likita abin da ke damunta, tana da abin faɗa a ganawa da ba a saye da kuɗi.

Game da kuɗin ruwa, ba ni ce mai fatawa ba, ku tambayi malamin da kuka yarda da iliminsa, wanda ya san yadda bashin karatu yake a ƙasar nan. Akwai malaman da suka yi sassauci a kansa saboda larura, akwai waɗanda ba su yi ba. Abin da zan ce kawai, yana da wuya a kira abu larura alhali ga ƙofar da ba riba a buɗe. In ma za a kai ga wannan tambaya, a makarantar likitanci za ta taso da gaske, inda zaɓi ya yi ƙaranci.

Ga abin da zai sa in sauya magana. Tun yau ki rubuta wa ofishin tallafi na waccan jami'ar ki nemi su sake duba lissafinku. Ana yi, ba roƙo ba ne, ba kuma za su janye gurbin don kin tambaya ba. Kafin nan ki karanta takardarsu da kyau, domin wasu makarantu suna jera bashi da aikin cikin makaranta a layi ɗaya da kyauta, sai giɓin ya fito ƙarami alhali ya fi haka. Ki tambaya ko tallafin na shekara huɗu ne, da makin da za ki riƙe don kada a janye shi. Ki bayyana musu abin da fom bai nuna ba: ƙanne huɗu, yadda kuɗin tasi ke hawa da sauka, da abin da Baba ke aika wa iyaye a Kano in yana aikawa, da shaidarsa. In sun yi miki alfaharin cewa kashi 90 na ɗalibansu suna samun likitanci, ki tambaya kashi 90 na su wa, waɗanda suka fara ko waɗanda kwamiti ya tace ya yarda ya rubuta wa wasiƙa. In suka sauko da giɓin har ya zama bashinki na gwamnati da aikin hutu za su rufe shi, ba tare da an rubuta sunan Baba a kan ko dala ɗaya ba, ki tafi da albarkata. In sun rage dubu uku ko huɗu ne kawai, ki gode musu ki biya kuɗin riƙe gurbi a Hunter kafin 1 ga Mayu.

Baba kuma, kada ki tunkare shi da cewa bai gane ba. Mutum ne da ya yi shekaru a bayan sitiyari yana jiran rana irin wannan, ya kuma riga ya yi magana a gaban mutane, janyewa tana da nauyi. Ki fara da Mama, ki nuna mata lissafin a rubuce, ta san lokacin da ake samunsa. In akwai likita ko ma'aikacin asibiti cikin jama'arku da Baba ke girmamawa, a roƙe shi ya zo ya bayyana bambancin tsarin nan da na gida, zai fi karɓa daga bakin sa'ansa. In kin zauna da shi, ki fara da godiya, sannan ki ce: Baba, ba ƙin karɓa nake ba, so nake ka ajiye min ƙarfinka zuwa inda ba ni da kowa sai kai. Ki ba shi abin da zai faɗa a masallaci, kuma gaskiya ne: babbar jami'a ta ɗauke ki, aka zaɓi wadda ta biya komai don a tanadi kuɗin likitanci. In yana son suna, Hunter ta yaye mata biyu da suka ci kyautar Nobel a fannin likitanci, Rosalyn Yalow a 1977 da Gertrude Elion a 1988, dukansu a Bronx suka tashi. Masu bincike ne, ba likitocin asibiti ba, kuma zamanin ya yi nisa, amma ita Elion saboda kyauta ce ta je Hunter, bayan mahaifinta ya yi asarar dukiyarsa a karyewar kasuwar 1929.

Masu karanta mu daga gida da ke tunanin turo yaro Amurka ya yi share fagen likitanci, ku lura wannan lissafin na wadda aka haifa a nan ne. Ɗalibin da ya zo da bizar karatu ba ya samun bashi ko tallafin gwamnatin tarayya, makarantun likitanci kaɗan ne ke ɗaukar baƙi, wasunsu kuma sai an nuna ko an ajiye kuɗin shekarun tun kafin a fara.

Ƙannenki kuwa, ke ce za ki zama idonsu. Jami'ar da ta bar muku 31,000 ba ta cikin waɗanda suka fi yalwar hannu. Daga 2025, Harvard ba ta karɓar komai, har kwana da abinci, daga gidan da ke samun dala 100,000 ko ƙasa da haka, MIT ma ba ta neman ko sisi daga iyayen da ke ƙasa da wannan adadi. A cikin CUNY, gungun kwalejojin gwamnati na birnin New York wanda Hunter ke cikinsa, akwai kwalejin Macaulay, da ke yafe kuɗin karatu ga 'yan jihar da ta ɗauka, akwai kuma shirin Sophie Davis a City College da ke Harlem, wanda ke haɗa digirin farko da likitanci a gurbi ɗaya, shi ne mafi kusa da abin da Baba ya sani a gida. Duka daga ajin ƙarshe na sakandare ake neman su, a farkon shekarar karatu, don haka mai bi miki ya fara haɗa takardunsa tun yana aji 11.